Bitamin ɗin da ke cika jini amma ya tsaya a ƙofar ƙwaƙwalwa

Kwanan nan tallar maganin ƙara kaifin ƙwaƙwalwa ta yi yawa a Facebook da TikTok, kowa da robarsa a hannu yana rantse-rantse, wai ɗalibi zai haddace littafi, wai tsoho zai daina mantuwa. Cikin waɗanda ake yayatawa akwai wani da ake ce ma benfotiyamin, wanda asalinsa bitamin B1 ne, wato tiyamin, aka ɗan sauya masa gini a ɗakin gwaji. Hujjar masu tallar guda ɗaya ce kuma kullum ita suke maimaitawa, wai B1 ɗin da muka sani a ruwa yake narkewa shi yasa da ka sha sai ya bi fitsari, wannan kuwa a mai yake narkewa, ƙwaƙwalwa kuma kusan duk kitse ce, saboda haka kai tsaye yake shigewa cikinta. Maganar tana da daɗin ji gaskiya. Kuma akwai ɗan gaskiya a farkonta, daga tsakiya ne ta karkace.

Bari mu fara da dalilin da yasa ƙwaƙwalwa ta damu da B1 tun farko. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa idan mutum yana zaune, kuma kusan duka daga sukarin jini take samunsa, wato gulukos. To shi gulukos ba ya zama ƙarfi haka kawai, sai an bi da shi ta matakai, kuma akwai enzayim, wato sinadaran da ke tafiyar da irin waɗannan matakan a jiki, guda uku a kan hanyar waɗanda ba sa motsi ko kaɗan sai da B1 a manne da su. Biyu suna cikin mitokondiriya, inda sel, wato ƙwayar halittar jiki, ke ƙona abinci. Na farko shi ne ke karɓar abun da ya rage bayan an fasa gulukos gida biyu, sinadarin da ake kira fairubet, ya shigar da shi cikin zagayen ƙonawa, na biyun kuma yana tsakiyar zagayen ne. Na uku, transketoles, yana wajen mitokondiriya, aikinsa ya shafi samar da kayan gina ƙwayoyin gado da kuma kayan kare sel daga lalacewa. Idan B1 ya yi ƙaranci fairubet sai ya taru ya rasa hanya, ya koma laktik asid, wurin ya yi tsami, ƙwayoyin jijiya su fara kumbura suna mutuwa. Kuma jiki ba ya ajiye B1 da yawa, duka-duka miligiram 25 zuwa 30 ne a jikin babba, cikin sati biyu zuwa uku ba ka samu a abinci ba ajiyar ta kusa ƙarewa. Abun da ake buƙata a rana kuwa kaɗan ne, miligiram 1.2 ga namiji, 1.1 ga mace, 1.4 ga mai ciki.

Yanzu ga inda matsalar take. Jijiyoyin jinin da ke cikin ƙwaƙwalwa ba irin na sauran jiki ba ne. A tsoka ko hanta akwai 'yan ƙananan kafofi tsakanin ƙwayoyin da suka yi bangon jijiya, abubuwa suna ɗan zurarewa. A ƙwaƙwalwa kuwa ƙwayoyin a ɗinke suke gam, babu kafa, duk abun da zai shiga dole ya ratsa ta cikin ƙwayar kanta, ko dai ya zama mai narkewa a kitse ya sulale ta fatarta, ko kuma a samu furotin na musamman da zai ɗauke shi ya tsallakar. B1 ruwa yake bi kuma yana ɗauke da cajin lantarki, ba zai iya sulalewa ba. Masu ɗaukarsa furotin biyu ne da aka sani sosai, THTR-1 da THTR-2.

Abun ya yi kama da gidan da aka rubuta ba a shiga a jikin zaure. Ka zo da kaya ka yi sallama, yara biyu ne za su dinga fitowa suna ɗiba suna kaiwa ciki. Ko buhu ɗaya ka kawo ko tirela ka cika layin da ita, yaran nan biyu ne dai, kuma gudunsu ba zai ƙaru ba don kayanka sun yi yawa. Wani ɗan kaɗan yana zurarewa ta gefe idan kayan sun taru sosai, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin zai yi mana amfani nan gaba, amma mafi yawa ta hannun yaran yake bi.

Bayan ya shiga ma aikin bai ƙare ba. B1 tsurarsa ba ya yin komai ga enzayim ɗin can uku, sai an liƙa masa wani sinadari, fosfet, guda biyu ya zama tiyamin daifosfet, wanda ake taƙaitawa TDP ko TPP. Wani enzayim ne mai suna TPK1 ke wannan liƙin, kuma sai da magnesiyam yake aiki. Kusan kashi 80 cikin 100 na duk B1 ɗin da ke jiki a wannan siffar yake. Daga nan kuma wani furotin daban, SLC25A19, shi ke ɗaukar TDP ya shigar da shi mitokondiriya. Kenan tsakanin ƙwayar da ka haɗiya da wurin da ake buƙatarta akwai hanji, akwai jini, akwai bangon jijiyar ƙwaƙwalwa, akwai fatar ƙwayar jijiya, akwai liƙa fosfet, akwai ƙofar mitokondiriya. Mai talla mataki na biyu kawai yake nuna maka, wato jini.

Su waɗannan ire-iren B1 ɗin da aka sarrafa daga Japan aka faro su, kuma suna da dalili, don ciwon rashin B1, beriberi, ya wahalar da su matuƙa. Farar shinkafar da aka cashe tas aka cire dusarta ita ce abincin 'yan birni da na soja, B1 ɗin kuwa a dusar yake. A 1883 wani jirgin ruwan sojan Japan mai suna Ryujo ya dawo daga doguwar tafiya, cikin mutum 376 mutum 169 sun kamu, 25 sun mutu. Likitan sojan ruwa Takaki Kanehiro ya roƙa a sake tura wani jirgin, Tsukuba, ya bi hanya ɗaya a 1884 amma a canja abinci, a ƙara nama da madara da sauransu. Mutum 14 kawai suka kamu, babu wanda ya mutu. Shi Takaki a tunaninsa ƙarancin furotin ne, bai san da wani bitamin ba, amma dai mutanensa sun rayu. Sojan ƙasa kuwa suka yi taurin kai, likitocinsu suka dage ƙwayar cuta ce, a yaƙinsu da Rasha na 1904 zuwa 1905 beriberi ya kashe musu sojoji wajen 27,000. A can Jaba ta Indonesiya kuma wani likita ɗan Holan, Christiaan Eijkman, ya lura kajin da ake ba ragowar farar shinkafa suna shanyewar ƙafa, da aka koma ba su wadda ba a cashe ba suka miƙe. Sai 1926 aka iya ware sinadarin, 1936 Robert Williams a Amurka ya haɗa shi a ɗakin gwaji.

To da aka samu B1 a ƙwaya sai aka ga wata matsalar, hanji ma yana da irin waɗancan masu ɗaukar kuma suna cika da wuri, ka sha da yawa kaɗan ne ke shiga jini. A farkon shekarun 1950 Motonori Fujiwara da abokan aikinsa a Jami'ar Kyoto suka gano cewa idan B1 ya haɗu da ruwan dakakkiyar tafarnuwa, sinadarin alisin mai warin nan yana buɗe ɗaya daga zobba biyun da ke cikin ginin B1 ɗin ya manne masa, sai a samu wani sabon abu, alitiyamin, wanda ba shi da caji kuma yana ratsa hanji ba tare da jiran mai ɗauka ba. Daga wannan ne aka ƙera fursultiyamin da kamfanin Takeda ya riƙa sayarwa a baya da sunan Alinamin, sai sulbutiyamin, sai benfotiyamin. Ana yawan haɗa su a kwando ɗaya a ce musu masu narkewa a mai, amma ginin su ba ɗaya ba ne kuma hanyar da suke bi a jiki ba ɗaya ba ce.

Benfotiyamin ɗin da ake tallar ma, idan ka zuba garinsa a mai ba ya narkewa. A ruwa ma da ƙyar. Yana ɗauke da fosfet guda ɗaya a jikinsa, sai ya isa hanji wani enzayim da ke jikin bangon hanjin ya yanke fosfet ɗin, abun da ya rage, benzoyil-tiyamin, shi ne mai iya sulalewa ta kitse. Yana tsallaka bangon hanji ya faɗa jini, jajayen ƙwayoyin jini da hanta su kama shi su cire masa benzoyil ɗin, zoben ya rufe, shikenan ya koma B1 na yau da kullum. Duk wannan yana faruwa tun kafin jinin ya kai wuya. Abun da ya isa bakin ƙwaƙwalwa tiyamin ne sak irin wanda ke cikin wake, mai caji, mai bin ruwa, mai jiran THTR. Dabarar ta yi aiki a hanji, ba shakka, jini yana samun kusan ninki biyar na abun da zai samu daga B1 na gargajiya mai yawa ɗaya. A nan amfanin dabarar ya tsaya.

Ba hasashe ba ne wannan, an auna. A Jami'ar Liyej ta Beljiyam akwai Lucien Bettendorff wanda ya shafe shekaru da yawa a kan B1 kaɗai. A 2008 ɗakin gwajinsa ya fitar da sakamakon wani gwaji da Marie-Laure Volvert ta jagoranta, suka dinga ba ɓeraye benfotiyamin miligiram 100 kan kowane kilo na nauyinsu, kullum har kwana 14, wanda ya ninka abun da mutum ke sha nesa ba kusa ba. Suka auna jini, B1 ya yi sama. Suka auna hanta, ya yi sama. Suka auna ƙwaƙwalwa, babu wani ƙarin a zo a gani. Gwaje-gwajen da suka biyo baya, masu daɗewa, wasu sun ga tsuran B1 ya ɗan ƙaru a ƙwaƙwalwar ɓerayen, amma TDP, wanda shi ne mai aikin, yana nan inda yake. Ma'ana ko an samu an tura ƙari ya shiga, ƙwaƙwalwar da ba ta cikin rashi ba ta liƙa masa fosfet fiye da buƙatarta.

Adalci dai a faɗi ɗaya ɓangaren. A 2010 wasu masu bincike a Shanghai sun ba ɓerayen da aka sa wa irin cutar mantuwa ta Alzaima benfotiyamin, ɓerayen suka fi gane hanya kuma dattin furotin da ke taruwa a ƙwaƙwalwarsu ya ragu, duk da TDP ɗin ƙwaƙwalwar bai ƙaru ba. Wannan ya sa aka gwada a mutane. Gary Gibson da tawagarsa a New York sun fitar da sakamako a 2020, mutum 70 masu farkon cutar, rabi ana ba su miligiram 600 a rana tsawon shekara guda rabi kuma ƙwayar banza wadda babu magani a cikinta. Waɗanda suka sha maganin sun ɗan fi jinkirin lalacewa, amma a babban ma'aunin da aka tsara gwajin a kai bambancin bai kai matakin da za a ce ba dace ba ne. Shi yasa aka shirya wani gwajin mafi girma. Wannan kuma maganar tsofaffi masu cuta ake, babu ruwansa da ɗan aji uku na sakandare mai shirin JAMB.

Inda aka fi jingina benfotiyamin da shi ma ba ƙwaƙwalwa ba ne, ciwon suga ne, zafin tafin ƙafa da jin kamar ana tsira allura. A 2003 Hans-Peter Hammes da Michael Brownlee sun nuna a ɓeraye masu suga cewa yana tayar da transketoles kuma ya kare musu ido. A mutane abun bai fito fes haka ba. Wani gwaji a Jamus a 2008 na sati shida ya ga ɗan sauƙi a alamomin ciwon ƙafa, wani kuma a Norwe a 2012 ya ba masu suga nau'i na ɗaya miligiram 300 kullum har shekara biyu, B1 ya cika musu jini amma gudun saƙo a jijiyoyinsu bai canja ba. Ni dai idan mai suga ya tambaye ni, kuɗin robar nan gara ya sayi tsinken gwajin suga da shi.

Sulbutiyamin shi labarinsa ya ɗan bambanta. B1 biyu ne aka ɗaure da gadar sulfa aka kuma rufe musu wasu wurare, don haka shi da gaske yana bin kitse, kuma ya fi sauran tsallakawa ƙwaƙwalwa, a cikin sel ake tsinke gadar ya rabu gida biyu. Bettendorff ɗin nan tun wajen 1990 ya nuna idan an yi wa ɓeraye allurarsa B1 da fosfet-fosfet ɗinsa suna ƙaruwa a jikinsu har da ƙwaƙwalwa. Kamfanin Servier na Faransa ne ke sayar da shi da sunan Arcalion, a matsayin maganin kasala. To ya shiga, sai me? A 1999 an gwada shi a Faransa a kan mutum 326 masu fama da gajiya bayan sun tashi daga ciwo, wasu miligiram 400 wasu 600 wasu ƙwayar banza, da aka kai kwana 28 duk ɗaya suke. Shiga ƙwaƙwalwa daban, yin amfani daban.

Abun da ya fi nuna min girman waɗannan masu ɗaukar guda biyu wata cuta ce da aka fara bayyanawa a Riyad ta Saudiyya a 1998, likita Pinar Ozand da abokan aiki ne suka bayyana ta. Yaro lafiyayye ɗan shekara uku zuwa goma, sai ya yi zazzaɓi, daga nan ya rikice, magana ta sarƙe, haɗiya ta gagara, jiki ya murɗe, farfaɗiya, wasu su mutu. A hoton ƙwaƙwalwa ana ganin lalacewa a can tsakiya, a cibiyoyin da ke sarrafa motsi. A 2005 aka gano matsalar a ƙwayar gadon SLC19A3 take, wadda ke ƙera THTR-2. Yaran nan B1 ɗin jininsu lafiya lau yake, abincinsu ba abun da ya rasa, hanjinsu yana sha don THTR-1 yana cike gurbin a can, ƙwaƙwalwar ce kawai ke cikin yunwa. Sai an gaji lalatacciyar ƙwayar daga uwa da uba duka biyu take fitowa, shi yasa aka fi ganinta a gidajen da ake auren zumunci. Maganin kuwa B1 ne mai yawan gaske haɗe da bayotin, wato B7, har ƙarshen rayuwa, idan an fara da wuri yaro yana iya miƙewa cikin kwanaki. A nan ne wancan ɗan kaɗan mai zurarewa ta gefe ya zama shi ne hanyar tsira.

Mu a nan ƙasar ma muna da namu labarin na B1 da ƙwaƙwalwa, a yankin Ijesha na jihar Osun. Tun 1958 likitoci a Ilesha suka rubuta labarin wani ciwo da ke zuwa duk damina, mutum ya gama cin abinci mai nauyi na sitaci, bayan wasu awanni jiki ya kama karkarwa, tafiya ta zama tangaɗi, ido yana rawa, wani har ya fita hayyacinsa. An daɗe ana zargin ƙwayar cuta ko guba a doya. Farfesa Bola Adamolekun ne a 1993 ya danganta shi da wata tsutsar siliki, Anaphe venata, da ake sayarwa a kasuwa a daidai wannan lokacin ana ci a matsayin nama. A 2000 masu bincike daga Japan suka tabbatar akwai enzayim a jikin tsutsar mai datse B1 gida biyu, kuma yana jure zafi sosai, girki na yau da kullum ba lallai ya kashe shi ba. Mutum dama ajiyarsa ta yi ƙasa, tsutsa ta datse sauran, sannan ya ɗora tulin sitaci wanda sai da B1 za a ƙona shi. Ana ba su B1 kuma suna warwarewa.

Wannan haɗin, ajiya ta ƙare sannan a loda sukari, shi ne ainihin abun da ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayani, don mu ba ma cin tsutsar Ijesha amma muna yin abun da ya yi daidai da ita kullum da ledar ƙarin ruwa.

Carl Wernicke, likita Bajamushe, a 1881 ya bayyana mutum uku da suka mutu da alamomi iri ɗaya, rikicewar hankali, tangaɗi, da idon da ba ya juyawa daidai. Biyu mashaya giya ne. Ta ukun kuwa wata budurwa ce mai ɗinki 'yar shekara 20 wadda ta sha asid, mafitar cikinta ta tsuke, ta dinga amai ba tsayawa. Mutane sun riƙe mashayan sun manta da budurwar, har yau da yawa cikin ma'aikatan lafiya idan aka ce ciwon Wernicke giya kawai ke zuwa musu a rai, sai su ce ai mu nan ba mu da wannan. Alhali duk wanda ya yi sati biyu uku abinci ba ya zama a cikinsa yana cikin haɗari, kuma wacece ta fi mai laulayi mai tsanani shiga wannan layi?

Na ga yadda ake yi a unguwa, ba sau ɗaya ba. Mace mai ƙaramin ciki ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo, ga roba a gefen katifa tana ta tofar da yawu, leɓe ya bushe ta rame, an yi rubutu an yi jiƙo, sai a kira wata mai aikin asibiti da ke maƙwabtaka. Ta zo da leda biyu uku na ruwan sukari, a buga ƙusa a bango ko a rataya a jikin ƙyauren taga, a ɗaura. Wani lokacin a fasa ampul ɗaya na B complex a ciki ruwan ya koma rawaya, dangi su ji daɗi an sa mai ƙarfi. Washegari uwar miji tana cewa, 'yar nan ki daure ki tashi mana, ita kuma tana kallon mutane kamar ba ta san su ba, ta tashi zuwa banɗaki tana dafa bango, ta ce tana ganin abu biyu-biyu. Daga nan zancen ya koma na iska da sammu. Abun da ya faru a cikin kanta kuwa shi ne an kwararo gulukos kai tsaye cikin jini, ƙwayoyin jijiya suka shiga ƙona shi, ɗan guntun TDP da ya rage ya ƙare, laktik asid ya taru a wuraren da suka fi kowa cin wuta, wani sashe na tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus, da wasu 'yan ƙulalai biyu a ƙasan ƙwaƙwalwa masu riƙe da sabon tunani, da cibiyoyin juya ido. Idan aka makara, ko ta rayu tana iya zama da ciwon da Sergei Korsakoff na Rasha ya bayyana a ƙarshen shekarun 1880, ta tuna ƙuruciyarta tsaf amma ta kasa riƙe abun da aka faɗa mata minti biyar da suka wuce.

Kuma kar a jira sai alamomin uku sun cika. Clive Harper a Ostareliya ya bi gawarwakin da aka tabbatar da ciwon a ƙwaƙwalwarsu, ya koma ya duba fayil ɗinsu na asibiti, a rahotonsa na 1986 kashi 16 cikin 100 kawai ne suka nuna ukun gaba ɗaya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 ba a gano ciwon ba sai bayan sun mutu.

Ba masu laulayi kaɗai ba. Wanda aka yi wa aikin hanji ya daɗe bai ci ba, mai kansa, mai tarin fuka ko ƙanjamau da ya ƙare a tsaye, yaro mai tamowa da aka fara ɗura wa abinci, mai ciwon zuciya da ya daɗe kan maganin sa fitsari irin su furosemide don yana wanke B1 ta ƙoda, da kuma mashayin burukutu ko ogogoro, wanda shi giyar tana hana hanjinsa sha kuma tana rage ajiyar hanta.

Ta ɓangaren abinci mu Allah Ya rufa mana asiri da wasu al'adu. Gumi, shinkafar da aka turara da ɓawonta kafin a cashe, tururin yana tura B1 daga dusa zuwa cikin ƙwayar, shi yasa tun farkon ƙarni na 20 aka lura a Malaya cewa ma'aikata 'yan Indiya masu cin turararriya ba sa beriberi kamar 'yan China masu cin fara. Wake da gyaɗa da gero da dawa duk suna da shi. Inda muke asara shi ne surfe mai tsanani da ake kwashe dusa kaf a ba awaki, da wanke shinkafa ana murzawa har ruwan ya yi fari tas, da kuma kanwa. B1 ba ya jure kanwa, musamman a kan wuta, don haka waken da aka zabga wa kanwa don ya yi saurin nuna an ci riba a gawayi an yi asara a B1. Jiƙa shi tun dare yana rage buƙatar kanwar.

Amma ga wadda ta riga ta fara rikicewa zancen abinci ya wuce, zancen ƙwaya ma ya wuce, har da benfotiyamin ɗin, tunda amai take yi kuma lokaci ya ƙure. Abun da ake so shi ne a cika jini da B1 farat ɗaya, ya yi yawan da zai danna ta waccan hanyar gefe ya isa ga ƙwaƙwalwar da ke cikin yunwa, wannan kuwa sai ta allura a jijiyar jini. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin jijiya ta Turai ta 2010 ta ce miligiram 200 sau uku a rana, a Ingila ga mashaya har 500 sau uku suke bayarwa, kuma a ba da shi kafin ruwan sukari ko tare da shi. Sai dai idan sukarin jinin mutum ya faɗi warwas, nan ba a jinkirta gulukos don neman B1, a ba da shi nan take B1 ya biyo baya. Ampul ɗin B complex mai rina ruwa rawaya, launin na B2 ne, yawan B1 ɗin ciki kuma ya danganta da kamfani, wani kaɗan ne ƙwarai, saboda haka a juya kwalin a karanta miligiram nawa ne. A duba magnesiyam ma, don mai dogon amai yakan rasa shi, kuma in babu shi TPK1 ba zai liƙa fosfet ɗin ba ko nawa aka ɗura. Allurar tana iya tayar da borin jini mai tsanani ga wasu 'yan tsiraru, shi yasa a asibiti ake yinta, a hankali cikin ruwa, ba a ɗaki da leda rataye a ƙusa ba.